Tafiyarmu Cennai: Abin da Kawu Ya Ci a Kan Ganyen Ayaba

Tun da muka dawo daga Indiya mutane ke tare mu, a wurin suna da wurin ɗaurin aure, kowa da tambayarsa. Samari so suke su ji ko mun ga ƴan wasan fim. Magidanta kuɗin asibiti suke tambaya. Iyaye mata kuwa, waɗanda tukunya ke hannunsu, tambayarsu ɗaya ce: a ƙasar da shinkafa ce abincin safe da rana da dare, me mai ciwon sukari yake ci? Da yake yanzu da wuya ka sami zuri'ar da wannan ciwo bai shiga ba, muka ga gara mu ba da amsar a nan kowa ya samu.

ABIN DA YA KAI MU

Kawunmu ne ya kai mu. Dillalin hatsi ne a Maraɗi, ya shekara 12 da ciwon sukari, kuma babu abin da ba a ba shi ba, daga ƙwayoyin asibiti har saiwoyi da sassaƙe. Duk yana sha. Abu ɗaya ne ya ƙi, wato a taɓa masa akushi. Yunwar 1973 da 1974 ta same shi yana yaro a ƙauye, ya ci tafasa da anza har ya gaji, saboda haka tun da Allah ya buɗa masa ya yi sallama da duk wani abu mai suna ganye. A wurinsa ganye alamar fari ne, farar shinkafa da mai kuwa alamar an tsira.

A ƙarshen 2023 wani ɗan miki ya fito masa a babban yatsan ƙafa, ya yi wata 3 bai warke ba. Ranar da aka fara ambaton yankewa dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka ce mu biyu, ƴaƴan ƙanwarsa, mu raka shi. A farkon Janairu 2024 muka tashi daga Yamai, muka bi ta Adis Ababa, muka sauka a Cennai.

Manya da sunan Madaras suka san garin, a 1996 ne aka sauya masa suna. Shi ne babban birnin jihar Tamil Nadu, yana bakin teku a kudu maso gabashin Indiya. Mun baro hunturu da ƙura a gida, muka tarar da iska mai laima kamar ta tsakiyar damina. Ƴan kalmomin Indiyanci da muka tsinta a fim ba su amfane mu da komai ba, domin mutanen nan Tamil suke ji, harshe ne daban da rubutunsa daban. Allah ya taimake mu da wani tafinta ɗan Pondiceri, garin da ya kasance hannun Faransa har 1954, shi ya riƙa juya mana magana zuwa Faransanci, mu kuma mu juya wa Kawu.

A unguwar Triplicane muka sauka, tsohuwar unguwa mai lunguna da cunkoso, inda babban masallacin dutse da aka gama a 1795 yake ƴar tafiya kaɗan da wani ɗakin ibadar Hindu da ya haura shekara 1,000. Mun kama ɗakuna biyu a saman gidan wata dattijuwa Musulma wadda mijinta ya rasu, shi ma da wannan ciwo. Kowa a layin Amma yake ce mata, wato Inna, mu ma muka bi sahu.

CIN FARKO

Ranar da muka sauka, da azahar, aka kai mu wani gidan abinci. Babu kwano babu faranti. Ganyen ayaba aka shimfiɗa a gaban kowa, aka yayyafa masa ruwa, muka shafe da hannu kamar yadda muka ga ana yi. Sai masu rabo suka biyo layi da ƴan bokitai. A rabin ganyen da ke nesa da mai ci suka riƙa ɗiga abubuwa cokali-cokali: soyayyen kabeji, wani dafaffen duma da wake, dagargazajjen alayyahu, kindirmo da kokwamba, gishiri, da ɗan yaji mai tsami. A rabin da ke kusa da mai ci kuwa aka juye tulin farar shinkafa, aka kwarara mata miya. Kuɗin ci ɗaya ne, amma in dai ba ka ɗaga hannu ba, ƙari ake ta yi maka.

Kawu ya sa yatsa ya ture ganyayen gefe, ya fuskanci shinkafa. Sau 3 aka zuba masa. Ya rufe da wani kunun madara mai zaƙi da suke kira payasam, ya wanke hannu ya ce, "Kai, mutanen nan sun san mutuncin baƙo." Bayan awa 2 muka soka masa yatsa, ɗan na'urar awo ya nuna 340. Sai da gabanmu ya faɗi kafin mu tuna cewa lissafinsu daban ne: abin da takardun asibitinmu ke rubutawa 1,26 su 126 suke rubutawa. Duk da haka lamba ce mai ban tsoro, domin abin da ake nema ga yawancin masu ciwon shi ne kada awo ya wuce 180 bayan awa 2 da cin abinci.

"KU JUYA GANYEN"

Washegari, bayan likitan ƙafa ya gama dubawa, aka tura mu wajen wata likita wadda aikinta kaɗai tsara wa marasa lafiya abinci. A Indiya wannan sana'a tana da kasuwa. Wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta ɗauki nauyi, wanda aka buga a 2023 ƙarƙashin jagorancin Dokta V. Mohan na nan Cennai, ya ƙiyasta masu ciwon sukari a Indiya sun kai miliyan 101, wato kusan ninki 4 na dukan mutanen Nijar, ga wasu miliyan 136 da ke bakin kamuwa. Ciwon kuwa tsoho ne a wurinsu. Littattafan maganinsu na tun zamanin da sun kira shi madumeha, wato fitsarin zuma, har sun ambaci yadda tururuwa ke taruwa a kansa.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Takarda ta ɗauka ta zana ganyen ayaba, ta ce mu nuna mata inda kowane abu ya zauna jiya. Da muka nuna sai ta gaya mana cewa a bakin mutanen gari waɗannan ƴan cokula na gefe sunansu tottukka, ma'ana abin taɓawa, wato abin da mu muke ce wa mahaɗi. Ana taɓa su ne kawai don shinkafa ta wuce. Ta ce, "To ku juya ganyen. Abin da ake taɓawa shi za a ci, shinkafar ita za a taɓa."

Ƙa'idar da ta ba mu mai sauƙin riƙewa ce. Rabin abin da ke gaban mai ci ya zama ganye da kayan lambu marasa sitaci. Kashi ɗaya cikin 4 ya zama wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama marar kitse. Sauran kashi ɗayan shi ne na shinkafa, a auna ta da ƙaramin kwano ɗaya wanda ba a sauyawa. Sa'an nan da ganye da wake ake farawa, shinkafa ta zo daga baya. Dalili kuwa, shinkafar da injin ya goge ya raba ta da dusarta ba ta daɗewa a ciki sai ta narke ta zama sukari, ta kwarara cikin jini lokaci guda. In ta tarar da ganye da wake sun riga ta, suna rage mata gudu, kuma mai ci ya riga ya fara ƙoshi kafin ya kai gare ta.

Da muka fassara wa Kawu sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ku gaya wa yarinyar nan ni ba akuya ba ne." Tafinta ya gyara maganar kafin ya isar, amma ta karanta a fuska. Ta dube shi ta ce, "Baba, miki ba ya saurin warkewa a jikin da sukari ya yi yawa. Mu za mu yi namu aikin a kan yatsan. Sauran aikin yana kan ganyen nan, kuma babu mai iya yi maka shi."

KASUWAR KOYAMBEDU

Kwana 2 Kawu yana cin abin da aka ba shi kamar mai shan maɗaci. Da Amma ta ji labari sai ta ce gobe da asuba mu raka ta Koyambedu. Wannan ita ce babbar kasuwar sari ta kayan lambu da ƴaƴan itatuwa da furanni, an buɗe ta a 1996, kuma tun kafin kiran sallar farko manyan motoci ke sauke kaya daga jihohin maƙwabta. Shaguna dubbai ne, ƙasa duk jiƙe, ƴan dako suna ta ihu a ba su hanya.

An ce baƙo da manyan idanu ba ya ganin gari, amma mu mun gani. Mun shiga muna tsammanin baƙin abubuwa, sai muka riƙa cin karo da ƴan gida. Ga zogale ɗauri-ɗauri, ganyensa da dogayen ƴaƴansa, suna kiransa murungai, kuma daga wannan kalma ce sunansa na boko, moringa, ya samo asali. Ga yakuwa da rama. Ga kuɓewa, alayyahu iri-iri, yalo, duma, kabewa, tsamiya, ganyen hulba, da wani babban garafuni mai ƙuraje da suke kira pavakkai. A shagunan hatsi kuma ga wake, ga dawa, ga tamba, ga gero.

Muka sayo ɗan geron muka kai wa Kawu a tafin hannu ba mu ce komai ba. Ya murza, ya shinshina, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. Ya ce, "Wannan ai geronmu ne. Wa ya kawo musu?" Amsar kuwa ita ce kakanninmu. Masana sun tabbatar cewa a yankinmu na Sahel aka fara noman gero, mafi tsufan burbushinsa a arewacin Mali aka tono shi, kuma ya isa Indiya fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Dawa da wake su ma daga Afirka suka je. Zumuncin bai yanke ba har yau: cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda hedkwatarta ke kusa da Haidarabad, tana da reshe a Sadore kusa da Yamai, kuma irin zogalen nan PKM-1 da ta yaɗa a lambunan Nijar daga jihar Tamil Nadu ya fito. Indiya ce kuma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, aka amince.

Ba mu ce wannan labari ne ya sauya zuciyar Kawu ba, amma daga ranar ya daina ture ganye gefe. Da ya ga mutane masu motoci da benaye suna biyan kuɗi su ci zogale da yakuwa, sai ya yi shiru, ya ce, "Ashe abin ba na masu yunwa kaɗai ba ne."

A MADAFAR AMMA

Mako 6 muka yi, kuma kusan kullum ɗayanmu na tsugune a madafar Amma yana kallo. Ga mahaɗai 5 da suka riƙe Kawu, yadda muka ga ana yin su.

Na farko poriyal, shi ne uban tafiya. Ana ɗora mai cokalin shayi 2 kacal, a jefa ƙwayar mastad har ta fara tsalle, a sa busasshen barkono da wani ganye mai ƙamshi, sa'an nan a zuba kayan lambun da aka yanka ƙanana: kabeji, ko ɗanyen wake mai kwanso, ko ganyen zogale, ko kuɓewa. A sa gishiri da kurkum, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe minti 5 zuwa 7, a barbaɗa gogaggiyar kwakwa cokali ɗaya a sauke. Ita kuɓewa ba a rufe ta kuma ba a sa mata ruwa, juyawa ake yi har yauƙin ya ɗauke. Kawu da ya shekara 60 yana shan miyar kuɓewa bai gane ta ba sai da aka gaya masa.

Na biyu kutu. Ana dafa ɓararren wake da suke kira paruppu har ya yi laushi, a haɗa shi da duma ko kabeji ko alayyahu, a sa ɗan niƙaƙƙen kwakwa da barkono. Yana fitowa da kauri kamar fate. Shi ya fi riƙe ciki, kuma ranar da aka yi shi Kawu ba ya neman ƙarin shinkafa.

Na uku kirai masiyal, wato burgaggen ganye. Alayyahu ake dafawa da tafarnuwa da ƴar albasa cikin ruwa kaɗan, a burge shi da wani itace mai kama da maburginmu. In yakuwa ce, tsaminta ya isa, ba ta bukatar komai sai barkono da gishiri.

Na huɗu pacadi, kindirmo marar sukari da yankakkiyar kokwamba ko albasa ko tumatir, da ɗan gishiri. Ƙanensa shi ne mor, wato tsala da aka tsinka da ruwa aka sa mata citta da ɗanyen barkono. Shi ya maye wa Kawu gurbin lemon kwalba.

Na biyar sundal. Ana jiƙa wake ya kwana, a dafa shi ya nuna amma kada ya fashe, a tsane, a juya shi cikin ɗan man nan mai mastad da barkono, a barbaɗa kwakwa. Sun fi yi da wani wake dunƙulalle mai kama da gujiya, amma suna yi da irin namu wake da suke kira karamani. Ƙaramin kwano ɗaya da la'asar yana kashe yunwar da ke tura mutum wajen mai soye-soye.

Bayan waɗannan akwai rasam, romon tsamiya da tumatir da masoro, da kuma sambar, miyar wake da kayan lambu. Amma takan cika sambar ɗin Kawu da ƴaƴan zogale da yalo har cokali ya tsaya. Wanda ya shiga gidan abincin Indiyawa a Yamai ko Kano ko Ankara, galibi girkin arewacin Indiya zai tarar, inda gurasar alkama ta fi shinkafa. Abubuwan ɗaya ne, suna ne ya sauya: raita shi ne kindirmo da kokwamba, dal shi ne wake, bindi kuɓewa, karela garafuni, sag kuwa ganye. Sai dai a yi hattara da miyar da aka cika da kirim da man shanu, da gurasar farar fulawa da ake kira nan.

INDA AKE ZAMEWA

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ke gefen ganye lafiyayye ne. A nan ake ɗora soyayyen dankali, da soyayyar doya, da ɗanyar ayaba soyayya, waɗanda duk sitaci ne ya sake riga. A nan ake ɗora appalam mai ƙaras-ƙaras da vadai mai kama da ƙosai, duk an tsamo su daga mai. Yajin nan mai tsami gishiri ne zalla, mai hawan jini ya bar shi. Har garafuni bai tsira ba, domin wasu da mazarƙwaila suke kashe ɗacinsa, wasu kuma su soya shi ya bushe. Kwakwa ma da awo ake sa ta.

Mun kuma ga masu tura kura suna sayar da kambu kul, kunun gero mai kauri da ake damawa da tsala a ci da ɗanyar albasa. Da Kawu ya gani sai da ya yi kabbara, ya ce ga fura ta biyo shi. Amma likitar ta ja mana kunne. Gero ya fi gogaggiyar shinkafa, amma in an niƙe shi lukui aka dama, shi ma da sauri yake shiga jini. Ta ce a ci shi da tsaki-tsakinsa, kuma ya zauna a gurbin shinkafa, kada ya zama ƙari a kanta.

Babban kuskure kuwa mu muka yi shi da hannunmu, kuma muna faɗa ne don kada wani ya maimaita. A mako na 2, da muka ga awo yana sauka, daɗi ya kwashe mu. Wata rana muka hana Kawu shinkafa gaba ɗaya, muka ba shi ganye da ruwan garafuni da wani maƙwabci ya yaba mana, alhali an yi masa allurar insulin kamar kullum. Kafin la'asar sai ga zufa tana keto masa, hannu na rawa, magana tana sarƙewa. Awo ya nuna 58, kuma duk abin da ya gaza 70 haɗari ne. Amma ce ta hawo da gudu ta dama sukari cokalin shayi 4 a ruwa ta ba shi, bayan minti 15 aka sake awo, ya dawo hayyacinsa. Da muka koma asibiti mun sha faɗan da Kawu bai sha ba. Darasin shi ne, duk wanda ke shan magani ko allura, in zai rage tuwo ko shinkafa, sai da sanin likita, domin a daidaita maganin da abincin. Garafuni da hulba kayan miya ne, ba sa maye gurbin magani. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara ganye da wake sai ya tambaya, domin nasa tsarin daban ne.

RANAR PONGAL

A tsakiyar Janairu aka yi Pongal, bikin kaka na Tamilawa. Mata sun zana ƙofofin gidaje da garin shinkafa, rake ya cika kasuwa, ana dafa sabuwar shinkafa da madara a sabuwar tukunya har ta tafaso ta zube, wanda a wurinsu alamar yalwa ce. Maƙwabtan Amma, mabiya addinin Hindu, suka aiko wa baƙi kwano cike da shinkafar da aka dafa da mazarƙwaila da man shanu. Yaron da ya kawo ya ce ai babu farin sukari a ciki. Wannan magana mun saba jinta a gida game da zuma da mazarƙwaila da dabino, amma a wurin jini duk zaƙi ne.

Muka zuba wa Kawu ido, domin mutum ne da bai taɓa mayar da kwanon maƙwabci ba. Ya ce a kawo masa poriyal ɗinsa da kutu. Ya cinye su tsaf, sa'an nan ya ɗebi cokali 2 na abin zaƙin, ya ce a bar shinkafar rana, ya sa wa masu aikowa albarka, ya tura mana sauran. Ya ce, "Ku ci, ku yaran nan. Ni na taɓa."

Bayan kwana 2, ranar da dukan gari ke fita yawon biki, muka ɗauki adaidaita sahu zuwa bakin tekun Marina, wanda ba shi da nisa da unguwarmu. An hana Kawu taka yashi saboda ƙafar, sai muka zauna a bakin hanya muna kallon jama'a kamar ranar hawan salla. Yara masu gwangwani suna yawo da sundal mai kwakwa da ɗanyen mangwaro, suna ƙunsa shi a takarda. Ga masu soya ayaba da barkono cikin ƙullu, ƙamshi ya cika wuri. Kawu ya kira mai sundal da kansa.

DAWOWA

An kankare mataccen nama, an yi ta wanki da ɗauri, an sauya magani, an yi masa takalmi na musamman. Yatsa ya tsira. Ba mu ce ganye ne ya warkar da shi ba, aikin likitoci ne da ikon Allah, amma su da kansu sun ce da awon bai sauka ba da aikinsu bai ci ba. Ciwon sukari kuwa yana nan, ba a rabuwa da shi, zama ake koyon yi da shi.

A daren ƙarshe Amma ta shimfiɗa mana ganyen ayaba a tsakar gidanta. Ta koya mana cewa in an gama ci, ana naɗe ganyen ne zuwa wajen ƙirjin mai ci, alamar an ji daɗi kuma ana fatan dawowa. Kawu ya naɗe nasa ya ce a gaya mata ya gode, amma in Allah ya yarda dawowar ta zumunci ce, ba ta asibiti ba.

Da muka iso Maraɗi muka zauna da Hajiya, uwargidansa, muka zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe ta yi dariya ta ce, "Yanzu kuɗin jirgi kuka kashe don a koya muku kwaɗo?" Gaskiyarta. Inda babu mastad, albasa da tafarnuwa sun isa. Inda babu kwakwa, ga dakakkiyar gyaɗa ko riɗi, kuma a wasu jihohin Indiya ma da gyaɗar suke yi. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, in ba a sa sukari ba kuma ba a malala mai ba, babu abin da poriyal zai nuna musu. Abin da muka rasa a da shi ne tsari: mun mai da kwaɗo abin marmarin mata da rana, tuwo da shinkafa kuwa su ne abinci.

Wahalar da ta rage ita ce ta akushi ɗaya. Dattijo ba ya son a ware masa kwano kamar mai cutar da ake gudu, ga ƴaƴa da baƙi suna kallo. Hajiya ce ta warware wannan. Yanzu a gidan, kwanon kwaɗo da na wake ake fara fitarwa ga kowa da kowa, sai an ci an kusa rabi sa'an nan tuwo ya fito, malmala ƙanana. Babu wanda aka ware, kuma yaran gidan, waɗanda ciwon ke iya bi ta jini ya same su, suna tashi da sabon hannu.

Har yanzu Kawu bai ce yana son ganye ba. Harajin yatsa yake kiransa. Amma kullum yana biya, kuma ranar kasuwa da ƙafarsa yake zuwa rumfa. Mai irin wannan ciwo a gida, a gwada juya akushin, a kuma riƙa zuwa awo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.